Falle Ashirin na Littafin Malam Tanko

Kun ishe ni da tambaya. A kasuwar Kornaka, a bakin rijiya, har a wajen zaman makoki sai wani ya matso ya ce, "Idi, wai yaya Agadas take? Da gaske mazansu ba su buɗe baki?" To, yau zan faɗa sau ɗaya, daga fita har komowa, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Amma in labarin wanda ya je ya ciwo nasara kuke jira, gara ku tashi tun yanzu.

Duk wanda ya zauna gaban Malam Tanko ya san littafinsa na nahawu, wanda da shi ake gane yadda maganar Larabci take ɗaure da juna. Ba ɗinkakke ba ne, fallaye ne a cikin gafaka, kowane falle da kalma guda a gindinsa, wadda ita ce farkon falle na gaba, don kada su rikice. Malam ya gaje shi wajen malaminsa a shekarun gudun yaƙi, gara ta riga ta cinye falle ashirin na ƙarshe. Shekara talatin yana karantar da shi. Duk ɗalibin da ya kawo falle na ƙarshe, magana ta yanke a tsakiya, sai Malam ya ɗora yatsa a kan kalmar nan ta gindi ya ce, "Nan ilimina ya tsaya." Muna samari dariya muke yi a ɓoye. Sai da na yi gemu na gane ba wasa yake ba.

Da idonsa ya fara hazo, ya kira ni zaurensa bayan la'asar. Ya ce, "Idi, ni dai ƙafata ta ƙare. Katsina ba ta bituwa gare mu, ka san gabar da ke tsakaninmu da masu garin yanzu tun yaƙi. Amma Buzaye sun ce akwai wani Shaihu Iliyasu a Agadas, shina da irin littafin nan cikakke. Ka tafi ka karanto mani ƙarshensa, ka juyo shi a takarda. Ina son in ji yadda maganar nan ta ƙare kafin a rufe ni." Na ce, "Allah shi gafarta Malam, an gama." Haka na faɗa, an gama, sai ka ce kasuwa aka aike ni sayen gishiri. Na bar wa ƙanena gona, Hajo matata ta daka mani garin gero da yaji, na ɗauki allo da kurtun tawada da damin farar takarda da Malam ya daɗe yana ɓoyo don ranar nan.

A rijiyar Dakoro na tarar da ayarin Abzinawa masu komawa arewa da hatsi, ƙarshen bazara ke nan. Madugunsu Agali, wani dogon mutum mai Hausa a bakinsa kamar a Tibiri aka haife shi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, ka taɓa hawan raƙumi?" Na ce jaki dai na hau, kuma ai dabba dabba ce. Ashe raƙumi da ƙafafun baya yake fara tashi. Ina zama, sai na ji an ɗaga ni ta baya, na wuce ta kan wuyansa na sauka da haɓa. Mutum arba'in suna kallo, ba wanda na ga haƙorinsa saboda amawalin da suke rufe baki da shi, amma kafaɗunsu duk rawa suke. Kwana uku na bi ayari da ƙafa saboda fushi, rana ta huɗu ƙafar ta ba ni haƙuri na hau.

Abinci kuwa, kwana biyu na farko cikina ya yi ta ƙara da ni. Furarsu da cuku da dabino ake daka ta, a dama da ruwan salka mai warin fata. Da na saba, wallahi sai na riƙa jiran lokacinta. Abin da ban saba da shi ba shi ne yadda babban mutum zai ɗauki ludayi ya tura ta ƙarƙashin amawali, ya juya kai gefe. Mu nan mace ce mai kunyar ci gaban baƙo, su can namiji ne. Ranar farko na zuba wa wani dattijo ido ina son in ga ta ina furar take shiga, sai ya ajiye ludayi ya tashi. Agali ya ja ni gefe ya ce kallon bakin mutum a wajensu kamar leƙa shi a makewayi ne. Na je na ba da haƙuri da Hausa, ya amsa da Buzanci, ban san ko yafewa ya yi ko zagi ba.

Bayan mun ƙetare kwarin Tarka gonaki suka ƙare, a nan kuma ƙasar Abzinawa ta fara. Wasu mutane biyar da takubba suka tare mu, na wani babbansu ne mai kula da rijiyoyin wajen. Madugu ya ba su abin da aka saba bayarwa, su kuma suka bi kaya suna dubawa. Da suka zo kan takarduna, ɗaya ya ce lalle in rubuta wa taguwarsa, wato raƙumarsa, laya, ta ƙi cin ciyawa. Na ce ni neman nahawu na fito. Ya tambayi Agali mene ne nahawu, Agali ya yi masa bayani mai tsawo. Mutumin ya dube ni da tausayi ya faɗi wata magana. Na ce, "Mi ya ce?" Agali ya ce, "Cewa ya yi, wato kwana goma sha biyar za ka yi a rairayi don ka koyi yadda ake gyara maganar mutanen da ba ka taɓa gani ba?" Na yi wa taguwar addu'a, suka sake mu.

Agadas gari ne na jan laka, da hasumiyar masallaci wadda tun da hantsi ake hango ta, ba a iso ta sai azahar. Abin da ya fi kama ni shi ne kasuwa. Mai dabino yana ciniki da Buzanci, ya juya ya zagi jakinsa da Hausa, Balarabe ya zo ya gaishe shi da Larabci. Tsofaffin garin kuma suna da wani harshe nasu mai kama da na Zabarmawa, wanda jikokinsu suke ji amma ba su mayarwa. Ni da na taso ina ganin Hausa ce magana, sauran duk gwaranci, sai na zama ni ne bebe a cikin jama'a.

Shaihu Iliyasu ya sauke ni a wani ɗaki kusa da zaurensa, tare da ɗalibai uku, Bafillace ɗaya da Buzaye biyu. Ƙaramin mutum ne, ba ya ɗaga murya. A gidansa ilimin harshe kashi-kashi ne. Da safe nahawu. Da hantsi sarfu, wato yadda kalma ɗaya take haihuwar 'ya'ya. Bayan azahar lugga, sanin kalmomi da ma'anarsu. Waɗanda suka yi nisa su suke zama wa balaga, wato ƙawata magana, da awon waƙa. Na gaya masa abin da ya kawo ni, ya sa aka ɗauko littafin. Na buɗe wajen da namu ya yanke. Ga kalmar nan ta gindi da Malam yake ɗora wa yatsa, ga ta a kan falle na gaba, ga sauran maganar ta biyo ta. Na karanta shaɗarar nan ya fi sau goma, idona ya kawo ruwa.

Na ce a ba ni in juya in koma. Shaihu ya yi murmushi ya ce, "Ba a ɗaukar karatu daga takarda, daga bakin malami ake ɗauka. Kuma ba na fara wa kowa daga wutsiya. Gobe ka zo da falle na ɗaya." Na ce na karanta falle na ɗaya tun gemu bai fito mani ba. Ya ce, "To, zai yi maka sauƙi." Haka na koma farko, kullum shaɗara biyar ko shida, in rubuta a allo, in karanta, ya fassara, in haddace, in wanke. Gaskiya na ƙaru, don akwai wuraren da muke bi a guje a gida, shi sai ya tsaya kwana biyu a kansu. Amma kullum ina lissafin watanni, don ayari sau ɗaya yake gangarowa kudu, lokacin ɗari, wanda ya rasa shi sai baɗi.

A gidan akwai wata tsohuwa, Tekna, yayar Shaihu. Fuskarta a buɗe, tana zama a inuwar bango inda kowa yake wucewa, maza suna durƙusawa su gaishe ta. Ita ce mai dafa tawadar gidan. Ku san tawada iri biyu ce. Akwai ta allo, gawayi da ƙaro, wadda ruwa yana taɓa ta take tafiya, don dama don a wanke ake yin ta. Akwai ta takarda, wadda ake jiƙa bagaruwa da kashin maƙera, a dafa, a bar ta kwana bakwai ta kama, ita ko a rijiya ta faɗa ba ta gogewa. Tekna tana son jan mutum da hira. Ta kan ce mani, "Bahaushe, mi kuke ce wa wannan?" In na ce takarda, ta ce tasu ce muka ara. In na ce alƙalami, ta ce wannan mu da su duk wajen Larabawa muka samo. Harshe huɗu take ji, kuma sai ta jera maka kalma ɗaya a cikin duka huɗun tana nuna inda suka haɗu da inda suka rabu. Ni dai ina ɗaukarta tsohuwa mai surutu.

Da damina ta sauka Shaihu ya shirya bin danginsa kai dabbobi lasar gishiri wajen Ingal, al'adarsu ce kowace shekara, wata biyu ba karatu. Hankalina ya tashi. Na same shi na ce in aka cire wata biyu ba zan kai ƙarshen littafi ba kafin ayari. Ya ce, "Je ka wajen yayata. Ni ma ita ta karantar da ni shi, tana da shi a ka daga farko har ƙarshe. Ita ba ta da ka'idata, in ka roƙe ta za ta fara maka daga inda kake so. Abin da ta ba ka, ni na ba ka."

Jama'a, nan ne na yi abin da har yau in na tuna sai in ji kamar in tsaga ƙasa in shige. Na tuna zauren Malam Tanko, na ga an taru ana tambayata wa ya ba ni karatun, na ji bakina yana cewa wata tsohuwa ce. Na ga irin dariyar da wasunku da ke zaune nan za su yi. Washegari Tekna da kanta ta kira ni. Ta ce, "Ɗana, ƙanena ya gaya mani malaminka tsoho ne, shina jira. Kawo allonka, kwana arba'in sun ishe mu." Na ce, "Inna, a garinmu mai gemu ba ya durƙusa wa mace da allo." Ta ce, "To, Allah shi ba gemun lada." Ta ci gaba da motsa tukunyarta.

Wata biyu na yi ina zaga gari. Na koyi cin gurasar da ake gasawa cikin toka, na koyi gaisuwar Buzaye, na san kowane lungu na kasuwa. Kullum sai na wuce ta gabanta, Bafillacen ɗakinmu yana durƙushe yana ɗaukar sarfu a wajenta, ni kuwa in gaishe ta daga nesa in wuce da gemuna.

Shaihu ya komo, muka ci gaba. Ɗari ya shigo, saura babi uku mu kai inda namu ya yanke, sai ga Agali a ƙofar zaure. Ya ce, "Malam, gata muna tashi." Na faɗi gaban Shaihu ina roƙo. Ya ce in zauna baɗi in tafi da karatu a ƙirji. Na ce Malam Tanko ba lalle ya kai baɗi ba. Sai ya ce, "Don tsohon nan zan karya ka'idata. Ɗauki fallayen ka juya. Amma ka sani takarda za ka kai masa, ba karatu ba. Shi ya warware da kansa."

Kwana uku na yi ina rubutu daga fitowar rana har faɗuwarta, hannuna yana juyawa, kaina bai san abin da yake juyawa ba. Tawadar da ke kurtuna ta allo ce. Dafa ta takarda kwana bakwai ne, ba ni da su. Mai ita a gidan kuwa mutum ɗaya ce, kuma da wane ido zan je in ce ta sam mani? Rana ta biyu ta zo wucewa ta tsaya a kaina. Ta ce, "Bahaushe, da wace tawada kake rubutu?" Na ce, "Tawa ta ishe ni, Inna." Ta ce, "Akwai tukunya cike a ɗakina." Na ce na gode, ban ɗaga kai ba. A raina na ce ai rani ne, ba za a ga ɗigon ruwan sama ba sai bayan wata biyar, in na isa gida na sake juya shi a natse. Ranar tafiya na je sallama, ta ba ni cuku uku da dabino ta ce in kai wa malamina, in ce wata ɗaliba tana gaishe shi.

Na naɗe fallayen a tsumma, na sa a gafaka. Saboda tsoron irin mutanen nan masu binciken kaya, na cusa gafakar can ƙarƙashin kayan raƙumi, ban gaya wa kowa ba. Ni manomi ne, ban san cewa a gefen nan ake rataya salka ba, ban kuma kula cewa salka kullum cikin tsattsafo take ba, da haka ruwanta yake sanyi. Kwana goma sha shida muna tafe. Sau biyu na yi niyyar dubawa, sai in ce kada idon mutane ya gani. A rijiyar Dakoro na zaro gafaka na ji ta da sanyi da nauyi, amma na ce fata ce, ciki lafiya. Tsoro ya hana ni buɗewa.

Kun san sauran, da yawanku kuna zauren. An shimfiɗa tabarmi, Hajo ta aiko da fura, Malam ya sa rigarsa ta Juma'a ranar Talata. Idonsa ya ƙarasa rufewa a bayana, sai da ya shafa fuskata ya ce, "Idi ne, ya rame." Na kwance tsumma. Fallaye ashirin sun manne sun zama guda, da na ɓamɓare na farko babu komai sai toka-toka, kamar allon da aka wanke ba a goge ba. Na biyu haka, na goma haka. Malam ya ce, "Mi ya faru? Karanta mana." Na gaya masa.

Ya miƙo hannu na ba shi, ya shafa su ɗaya bayan ɗaya, ya sansana. Ya ce, "Tawadar allo." Na ce, "Ita ce, Malam." Ya ce, "To, ba komai, takarda ce ta tafi. Wata takwas ka yi. Kawo daga ka." A nan na fashe da kuka gaban kowa, da gemun nawa. Na faɗa masa komai, ka'idar Shaihu, da wata biyun damina, da Tekna, da amsar da na ba ta. Na ɗauko cuku da dabino na ajiye gabansa na isar da gaisuwarta.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Idi, ni wa kake tsammani ya koya mani baƙaƙe? Uwata ce, tana kaɗi ina gefenta da allo. Da ka kawo shi daga bakin matar nan, sunanta kawai zan tambaya in sa ta a addu'a." Sai ya ce, "Ko kalma ɗaya ba ka riƙe ba?" Na ce akwai shaɗarar farko, wadda na yi ta karantawa ranar da na isa. Ya gyara zama, ya sa aka ba shi nasa fallen na ƙarshe, ya lalubo gindinsa ya ɗora yatsa. Ya karanto rabin maganar da ka, ni kuma na ƙarasa masa. Ya sa na maimaita sau uku. Ya yi murmushi ya ce, "Ashe haka ta ƙare. Na yi zaton haka, amma ban tabbata ba." Ya karɓi fallayen da suka wanke ya jera su a bayan littafinsa, ya rufe gafaka.

Na yi rantsuwa zan bi ayari in koma da bazara, in durƙusa gaban Tekna ko garin duka zai taru ya yi dariya. Malam ya rasu saura kwana ashirin ayarin mai komawa arewa ya iso. Littafin yana nan a Agadas, kowa ya je zai same shi, amma wanda ya yi shekara talatin yana jiransa ba ya nan. Ɗalibai kuma ba a bar su ba kowa, aka ce ni zan zauna a buzun Malam.

Makon jiya Sani ɗan Maigari ya kawo falle na ƙarshe. Na karanta masa, na ƙara masa shaɗarar nan ɗaya da na tafi Agadas na ɗauko. Ya kai hannu zai buɗe fallayen baya, ya ga babu rubutu, ya ɗago ya dube ni. Na ɗora yatsana inda na Malam ya bar duhu a takardar, na ce, "Nan ilimina ya tsaya." Na ji na baya suna ƙunshe dariya, ban hana su ba.